Amsoshin Tambayoyinku: Na Faɗi Jarrabawar Likitoci, Ina Mafita?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku.

Wasiƙar farko daga wata likita take a Zariya, ta roƙi mu sakaya sunanta. Ta zauna matakin farko na jarrabawar USMLE, wadda sai da ita likitan da ya yi karatu a wata ƙasa ke samun gurbin horon ƙwarewa a asibitocin Amurka, sakamako ya fito ba ta ci ba. Ta ce tun ranar barci ya ƙaurace mata, kunya kuma ta hana ta gaya wa kowa. Tana tambaya, shin ƙofa ta rufe ke nan?

Sannu likita, Allah ya sanyaya miki zuciya. Watanni kina karatu tsakanin kwanan asibiti da duba marasa lafiya, ga dalolin da aka tara da ƙyar, ga zaman awa takwas a gaban kwamfuta. Dole abin ya yi ciwo.

Ƙofa ba ta rufe ba, amma ba zan ɓoye miki ba, ta ƙara ƙunci. Faɗuwar tana nan a takardar sakamakonki, duk asibitin da kika nema zai gani, wasu ma tun a nan suke ajiye takardun mutum. Wasu kuwa, musamman a fannin lafiyar iyali, na yara, da na cututtukan manya, inda ake yawan ɗaukar likitocin da suka yi karatu a waje, sukan duba abin da mutum ya yi bayan ya faɗi.

Abin da nake jiye miki shi ne gaggawa. Zafin zuciya zai ce ki koma wata mai zuwa ki wanke kanki. Kada ki biye masa. Tun shekarar 2021, sau 4 kacal ake barin mutum ya gwada kowane mataki, kuma faɗuwa ta biyu ta fi ta farko wuyar bayani nesa ba kusa ba. Ki buɗe rahoton da suka aiko miki, zai nuna inda kika yi rauni. Ki sauya salon karatu, ki yawaita amsa tambayoyi, ki riƙa gwada kanki da jarrabawar gwaji ta NBME, ɗaya daga cikin hukumomin da ke shirya USMLE ɗin. Sai kin ga kina ci a kai a kai, da tazara mai kyau, sannan ki tsayar da rana.

Tun Janairun 2022 matakin farko ba shi da maki, ci ko faɗuwa ne kawai. Saboda haka makin mataki na biyu ne zai yi miki magana. A watan Satumba asibitoci ke fara duba takardu, a Maris ake sanar da gurabe. In ba ki shirya ba bana, ki bari sai baɗi. Ranar ganawa da asibitocin za su tambaye ki batun faɗuwar, ki faɗi abin da ya faru da abin da kika gyara, a taƙaice.

Batun barcin nan kuma, don Allah kada ki raina shi. In ya wuce mako biyu, abinci ma ba ya shiga, ki ga abokin aikinki na ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki kuma samu mutum ɗaya a gida ki gaya masa.

Sai wasiƙar wani dattijo daga Gusau. Ɗansa ya karanta likitanci a Sudan, ya faɗi jarrabawar tantancewa ta MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, yana tambaya ko kuɗinsa sun tafi a banza.

Ba su tafi ba, Baba. Digirinsa yana nan, kuma ana sake zama jarrabawar. Ya nemi asibitin koyarwa ya riƙa bin manyan likitoci zagayen marasa lafiya, ya saba da cututtukanmu da yadda ake aiki a nan. Ku kuma a gida a daina tambayarsa kullum yaushe zai fara aiki, a bar shi ya yi karatunsa.