Minti talatin ko kwana biyar: tsawon gwajin EEG na farfaɗiya

Hajiya: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Likita, iyaye sukan kai ɗansu gwajin EEG, a manna masa wayoyi a ka na minti 20 zuwa 30, a ce ba a ga komai ba, alhali yaron bai daina faɗuwa ba. Ina matsalar take?

Likita: Hajiya, na'urar tana rubuta motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ne a lokacin da take manne kawai. Gajeren gwajin farko yakan nuna alamar farfaɗiya a wajen rabin masu cutar ko ƙasa da haka, kuma sai an maimaita shi sau uku ko huɗu, musamman bayan an hana mutum barci, adadin yake kaiwa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari.

Hajiya: To, dogon gwajin da ake haɗawa da kyamarar bidiyo fa, kwana nawa ya isa?

Likita: Ya danganta da abin da ake nema. Idan alamomin da ke fitowa tsakanin faɗuwa da faɗuwa ake bi, yawancinsu suna bayyana a kwana ɗaya ko biyu na farko, domin barci yana fito da su. Amma idan faɗuwar kanta ake so a gani, akan kwantar da mutum kwana uku zuwa bakwai, wani lokaci a rage masa magani, abin da ba a yi sai a asibiti saboda jijjigar tana iya ƙin tsayawa.

Hajiya: Mene ne amfanin ganin faɗuwar da ido?

Likita: A cibiyoyin farfaɗiya, kusan kashi 20 zuwa 30 na waɗanda ake turowa saboda magani ya ƙi aiki, faɗuwarsu ba farfaɗiya ba ce, daga damuwar rai take, kuma wasunsu sun shekara da shekaru suna shan maganin da bai shafe su ba. Bidiyo da rubutun na'urar tare ne suke raba gardama. Wanda ake shirin yi wa tiyata kuwa, sai an kama faɗuwa da dama a tabbatar duk daga wuri guda a ƙwaƙwalwa take tasowa.

Hajiya: Marasa lafiyar da ke sashen kulawa ta musamman fa?

Likita: Wani bincike na Jami'ar Columbia da ke New York a 2004 ya gano cewa cikin waɗanda na'urar ta nuna musu farfaɗiya, kashi 88 cikin ɗari an gan ta a awa 24 na farko, amma wanda ke cikin doguwar suma yakan buƙaci awa 48.

Hajiya: A nan kuwa, irin wannan kwanciyar ba kowane asibiti ke da ita ba.

Likita: Shi ya sa nake roƙon 'yan uwa, idan faɗuwar ta zo, yayin da wasu ke kwantar da mutum ta gefe suna kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, wani ya ɗauki bidiyo da waya, fuska da hannuwa su fito, tun daga farawa har ya farfaɗo.