Expos: ƙungiyar da ta bar Montreal, hularta ta ƙi tafiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Na fito daga tashar jirgin ƙasa ta Pie-IX yanzun nan, sanyi kuwa ba a magana, ku yi haƙuri da ƙarar iska. Wannan ƙaton ginin da kuke gani a bayana mai doguwar hasumiya da ta karkace, shi ne filin wasan Olamfik na Montreal a ƙasar Kanada, wanda aka gina saboda gasar 1976.

Abin da ya kawo ni nan hula ce. Tun zuwana garin nan nake ganin wata hula mai shuɗi da ja da fari a kan yara da tsofaffi. Rannan na tambayi wani dattijo abokin aikina wace ƙungiya ce, ina son in je kallonsu. Ya yi shiru, can ya ce ai babu su, tun 2004 aka ɗauke su. Yadda ya faɗi maganar, kai ka ce mutuwa aka yi masa.

Sunansu Montreal Expos, ƙungiyar besbol, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya doke ta da sanda. An kafa ta a 1969, kuma ita ce ta farko a babbar gasar MLB da ke wajen Amurka. Sunan daga baje kolin duniya na Expo 67 aka samo shi. A ƙaramin filin Jarry suka fara, sai a 1977 suka dawo nan. Mutanen gari da Faransanci suke kiransu Nos Amours, wato masoyanmu.

Ciwon farko a 1981 ne. Wasa ɗaya ya rage su kai World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofin MLB, sai wani ɗan Dodgers, abokan karawarsu, mai suna Rick Monday ya lula ƙwallo ta tsallake katanga a zagayen ƙarshe, da ita aka fitar da su. Ranar kuma Litinin ce, wato Monday da Turanci. Har yau in ka ce Blue Monday a garin nan, dattawa sun san me kake nufi.

Amma 1994 ce ta fi tsaya min a rai. A shekarar sun ci wasa 74, an ci su 40, babu ƙungiyar da ta kama ƙafarsu a duk gasar. Felipe Alou ne koci, ga Pedro Martínez, ga Larry Walker, ga Marquis Grissom, ga Moisés Alou ɗan kocin. Ana cikin haka, ran 12 ga Agusta 'yan wasa suka shiga yajin aiki kan rigimar albashi da masu ƙungiyoyi. Aka soke sauran wasannin, aka soke World Series ɗin gaba ɗaya. Wallahi da a fili aka doke su da sai a ce ƙaddarar wasa ce, mutum ya haƙura. Su kuwa ba a ma bar su sun gwada ba.

Da aka dawo a 1995, masu ƙungiyar suka ce babu kuɗi. Cikin 'yan kwanaki Grissom ya koma Atlanta, John Wetteland ya koma Yankees, Walker ya tafi Colorado. Pedro ya zama gwarzon masu jifa a 1997, shi ma aka tura shi Boston. To wa zai ci gaba da sayen tikiti? Ni dai ban ga laifin 'yan kallo ba.

Daga nan sai gangara. A 2002 hukumar MLB da kanta ta karɓe ƙungiyar, har wasu wasannin gida a Puerto Rico aka riƙa buga su. Ran 29 ga Satumba 2004 suka yi wasan ƙarshe a cikin ginin nan, mutum sama da 31,000 suka zo bankwana, Florida Marlins ta ci su 9 da 1. Shekara na zagayowa suka zama Washington Nationals.

Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa mun san ƙungiya ta faɗa rukuni na ƙasa ta sake hawowa. A nan kuwa cicciɓar ta ake yi dungurungum. Ku ƙaddara an wayi gari an kai Kano Pillars wani gari, an sauya mata suna da riga. Nationals ɗin sun ɗauki kofi a 2019, na tambayi dattijon nan ko ya yi murna, ya ce shi bai san su ba.

Ɗan tsanan ƙungiyar mai gashi ruwan lemo, Youppi!, shi dai bai bi su ba, yana nan tare da Canadiens ta wasan hoki. Yanzu zan koma jirgi in nufi Jarry, an mayar da wurin filin tanis, in nuna muku inda aka fara. Yatsuna sun ƙage, bari in sa safar hannu.