Darasi: Duwatsun da Aka Auna Sararin Samaniya da Su

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Tambayar yau ita ce: in za ka faɗi inda tauraro yake, daga ina za ka fara awo?

A gona akwai gamba ko dutsen iyaka. A sama fa? Masana falaki sun ɗauki wurin da rana ke ƙetare layin tsakiyar sama, wajen 20 ga Maris, suka ce nan ne sifili. To amma babu turke a wurin, ido ba ya ganinsa. Kuma ba ya zama wuri ɗaya, domin duniya tana layi kamar katantanwa, zagaye guda a shekara kusan 26,000.

Ta hanyar auna rana ake lalubo shi a da. Sai dai faɗi gare ta, ga zafi, da ƙyar ake tsayar da tsakiyarta a madubin hangen nesa. Zara, matar wata, ita ma wani lokaci rabi take fitowa.

Nan ne astaroyid suka yi rana, wato duwatsun nan masu kewaya rana. Na farkonsu, Ceres, Giuseppe Piazzi ne ya gano shi a Palermo ta Italiya, 1 ga Janairun 1801. Ku kasa kunne, nan ne gaɓar da ta fi burge ni. A hoto, dutsen nan ɗigo ne tak, kamar tauraro, kuma da dare ake ɗaukarsa yana tsakiyar taurarin. Ga shi ba ya saɓa dokar ƙarfin jan da rana ke yi masa. Sai a lissafa inda ya kamata ya kasance, a kwatanta da inda aka gan shi. In saɓanin ya yi ta maimaituwa a dutse bayan dutse, to ba laifinsu ba ne, kundin taurarin ne ya karkace. Kuma da yake daga duniya mai tafiya muke kallo, hanyarta ma tana bayyana cikin awon. A 1935 Dirk Brouwer na Jami'ar Yale a Amurka ya kawo shirin bin zaɓaɓɓun duwatsu don wannan aiki.

A 1998 aka koma kan kuwasa, da farko guda 212, wato fitilun sama masu nisan da ba a ganin motsinsu. Duk da haka ba a sallami duwatsun ba, suna cikin abin da ake ɗaure lissafin tafiyar duniyoyi da sabon ma'aunin. Tauraron ɗan Adam Hipparcos ya auna guda 48. Wani tauraron ɗan Adam, Gaia, kuwa, a 2018, ya fitar da awon 14,099.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.