Kifi Mai Ratsin Tagulla: Matsalar Tana Wajen Ci

Kifi mai ratsin tagulla, mai dogon baki, shi ne Chelmon rostratus, ɗaya daga cikin dangin kifayen teku da ake kira malam-buɗe-littafi, kuma ana samunsa a tekunan Indonesiya, Filifin da arewacin Ostareliya. An san shi da cinye Aiptasia, wata halitta mai harbi da ke mamaye duwatsun tankin kiwon kifi, shi ya sa masu kiwo sukan yi ta saye, bayan 'yan makonni kuma su dawo suna tambayar abin da ya kashe shi.

Sha'anin ruwa ba shi da wuyar bayani. Tunda kifin yakan kai santimita 20, a tanadi tankin da ya daɗe yana aiki, mai cin lita 300 ko fiye, da ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 da 27, da duwatsu masu ramuka.

Yanzu mu koma kan dogon bakin nan nasa. A teku, kifin yana wuni ne yana zura shi cikin tsagar duwatsu yana zaƙulo tsutsotsi da ƙananan halittu, saboda haka abincin da ke yawo a ruwa sau da yawa ba ya ɗaukarsa a matsayin abinci, ko da kuwa ya gifta ta gaban idonsa. Mai tanki yana ganinsa yana tsattsagar dutse sai ya zaci yana ƙoshi, alhali ɗan abin da ke cikin dutsen yakan ƙare da wuri. Shi ya sa aikin yake farawa tun a wurin saye: a nemi mai sayarwa ya ba shi abinci a gabanka, a tabbatar ya haɗiye, domin wani yakan ɗauka ya tofar. A kuma duba bayan kansa. Idan wurin ya lotsa, yunwa ta riga ta yi nisa. Mai sayarwa zai iya cewa ɗazu ya ci, amma a ganina wannan ba hujja ba ce.

A gida, a ware shi a ƙaramin tanki shi kaɗai, a fara da tsutsotsi masu rai ko ɗanyen naman kumba da aka buɗe a cikin ɓawonsa. Idan ya saba, sai a riƙa cusa daskararrun ƙananan jatan lande a cikin ɓawon ko a ramin dutse, kaɗan-kaɗan, sau uku ko fiye a rana. Bututu mai ƙananan huji da ake cusa abinci a ciki yana da amfani bayan an mayar da shi babban tanki, domin bakinsa ne kaɗai ke shiga, kifaye masu hanzari ba za su riga shi ba.

Game da Aiptasia kuwa, wani yakan cinye ta, wani ko kallonta ba ya yi, ya koma kan tsutsotsin ado masu gashi da mai tanki ya saya da tsada.