Ganuwar Kano: wa zai yi mata yaɓe?

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Yaya Bashir da Malam Sani za mu tattauna kan ganuwar Kano. Malam, kai da ka daɗe kana koyar da tarihi, daga ina za mu ɗauko zancen?

Malam Sani: Daga Sarki Gijimasu, jikan Bagauda. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce shi ya fara ginin a mulkinsa, tsakanin 1095 da 1134, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Shi ne dai ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarki na yanzu. Muhammadu Nazaki ma ya ƙara mata faɗi a ƙarni na 17.

Bashir: Malam, abin da ke ba ni mamaki shi ne girman filin da aka kewaye. Mutanen lokacin ai ba su kai su cika shi ba.

Malam Sani: Da gangan aka yi, Bashir. A cikin ganuwa akwai gonaki, akwai makiyaya, ga Dala ga Goron Dutse. In abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, a rufe ƙofofi, a ci gaba da noma a ciki. Kududdufan nan da ake ta cikewa yanzu ana gini a kai, da yawansu daga nan aka haƙi ƙasar gini, kuma su ne ke shanye ruwan damina. Ka cike su, ina ruwan zai je? Sai gidajen mutane.

Hadiza: To amma Malam, a 1903 da Turawa suka zo, ganuwar ba ta hana su shiga ba.

Malam Sani: Ba ta hana ba, 'yata. Ginin da aka yi don mahaya da 'yan baka ba zai tare igwa ba, ga shi Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Amma ni ba igwa ce ta fi ci mini rai ba. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. A da, in damina ta wuce, sai a yi gayya, a raba aikin ganuwa kashi-kashi, magina su buga tubali, a toshe inda ruwa ya zaizaye. Kowace ƙofa da sarkinta mai kula da ita. Da aka daina wannan aiki, ganuwa ta fara narkewa, mu kuma muka taya ta da ɗibar ƙasa da yanka filoti a kan badala.

Bashir: Ai gwamnati ta gyara ƙofofi, Malam. Dubi Ƙofar Nassarawa, dubi Ƙofar Na'isa.

Malam Sani: An rushe na ƙasa an zuba siminti. Hanya ta yi faɗi, mota na wucewa, ban ƙi ba. Amma yaron da ya gan su bai ga aikin kakanninsa ba.

Bashir: A nan kam ina da ja. Gari ya cika, mutane na neman wurin kwana da na sana'a. Ba za a ce wa mai shago ya tashi saboda tudun ƙasa ba.

Hadiza: Yaya Bashir, ba wanda ya ce a tashi kowa. Tun 2007 ganuwar nan take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, har yau tana jiran shiga sahun wuraren tarihi na duniya. Ko ɓangaren da ya rage ta wajen Ƙofar Gadon Ƙaya da Dukawuya aka killace, aka ba magina na gargajiya aikin yaɓe duk shekara, ai an tsira da wani abu.

Malam Sani: Maginan suna nan da ransu, kuma sun iya. Kuɗin aiki da umarni suke jira.

Hadiza: Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa za mu leƙa marinar Ƙofar Mata. Mun gode, Malam. Allah ya ƙara lafiya.