Kurtu a titi, oga a ofis: lacca kan karatun tsarin aikin 'yan sanda da gudanar da shi

Wannan laccar wani malaminmu ne ya yi wa sababbin ɗalibai, na ɗauka a waya na zauna na kwafe ta yadda ya faɗa, gaishe-gaishen farko kawai na yanke.

To tunda an gaisa bari mu shiga. Duk shekara in na tambayi 'yan aji me suke zaton za su koya a kwas ɗin nan sai in ji ana cewa harbi, fareti, dabarar kama ɓarawo. Babu ko ɗaya. Wannan aikin makarantar horaswa ne, can ne za a aske muku kai a tashe ku tun duku-duku. Namu nan takarda ce da lissafi da gardama, wa ke ba wa umarni, mutum nawa ake buƙata, ina za a ajiye su, da wane kuɗi, in kuma an yi ɓarna wuyan wa za a riƙe.

Ku ɗauki biro. A ce akwai ƙofa ɗaya da kuke so ɗan sanda ya tsaya a kanta dare da rana shekara guda cur, mutum nawa za ku ɗauka? Na ji wani ya ce uku, wato kowa awa takwas. To ka kashe su ke nan. Awa 24 sau kwana 365 ya ba ka awa 8,760. Mutum ɗaya in yana awa 40 a mako zai yi 2,080 a shekara, amma ka cire hutunsa, ka cire ranar da zai kwanta ciwo, da ranar da za a tura shi kwas, da yinin da zai ɓata a kotu yana jiran a kira shi ba da shaida, abin da zai rage bai fi 1,700 zuwa 1,800 ba. Raba ka gani, kusan mutum biyar ne. Motar sintiri ɗaya mai mutum biyu, mutum goma ke nan. Shi ya sa in ɗan siyasa ya ce ya ɗauki 'yan sanda dubu, ku da kuka yi karatun nan kun san waɗanda za a gani bakin aiki a lokaci guda ba su wuce ɗari biyu ba, tun ma ba a cire masu zaman ofis ba.

Tarihi ba zan daɗe a kai ba. A 1829 Robert Peel, ministan cikin gida na Ingila, ya kafa rundunar birnin Landan, ya damƙa ta hannun mutum biyu, Charles Rowan tsohon soja da Richard Mayne lauya. Ku riƙe wannan haɗin, soja da lauya, don har gobe aikin a tsakaninsu yake lilo. An ba su kaya shuɗi don kar a ɗauke su sojoji masu jan kaya, an ba su kulki, kuma kowa da lambarsa a wuyan riga yadda in ya ci zalinka ka san wanda za ka kai ƙara. Shigar abin jami'a kuwa a Amurka ne, August Vollmer shugaban 'yan sandan Berkeley shi ya fara koyar da shi a jami'ar Kalifoniya a 1916, almajirinsa O. W. Wilson ya fitar da littafi kan gudanar da 'yan sanda a 1950 wanda aka daɗe ana karantarwa da shi.

A zangon farko za ku sha ra'ayoyin masanan tsarin gudanarwa Max Weber da Henri Fayol har ku gaji. Mukami bisa mukami, komai a rubuce, kowa ogansa ɗaya kar a ba shi umarni biyu masu karo da juna, kuma kar a jibga wa oga ɗaya mutanen da idonsa ba zai kai kansu ba. Za a zana muku dala, kwamishina a sama, sufeto, saje, kofur, kurtu can ƙasa. Ku haddace, zai fito a jarrabawa. Amma ni abin da ya sa na tara ku yau shi ne in gaya muku dalar nan a kife take.

Ku duba banki. Yaron da ke kanta ba shi da ikon yafe maka ko sisi, sai manaja. A yawancin ma'aikatu haka ne, iya hawanka sama iya ikonka na yanke hukunci. A aikin ɗan sanda kuwa wanda ya fi kowa ƙanƙanta, mai ƙaramin albashi, wanda ƙila bara ya fito daga horo, shi ne ƙarfe biyun dare zai tsaya shi kaɗai gaban mutum ya yanke ko ya kama shi ko ya yi masa faɗa ya sallame shi ko ya ɗauke kai kamar bai gani ba ko ma ya zaro bindiga, duk a cikin daƙiƙa kaɗan, kwamishina yana gida yana barci. Wani masani, James Q. Wilson (ba wancan Wilson ɗin ba), ya nuna wannan tun 1968, Michael Lipsky ya faɗaɗa shi a 1980 ya haɗa da malaman makaranta da sauran masu hulɗa da jama'a kai tsaye. Saboda haka tambayar kwas ɗin nan gaba ɗaya ita ce yaya za ka juya mutumin da ba ka ganinsa lokacin da yake aikin. Wa ka ɗauka tun farko, me ka koya masa, me ka sa ya rubuta in ya dawo, me ake ba da ƙarin girma a kansa. Kuma a ra'ayina babu mukamin da ya kai saje muhimmanci, shi ne ke raba aiki, shi ya san wanda ya zo a buge, shi ke sa hannu a rahoto. Takardar umarni daga hedikwata in saje ya taɓe baki ta mutu a allon sanarwa.

Yauwa, ɗan'uwa can baya yana cewa ai matsalar ƙarancin ma'aikata ce kawai. Zauna in ba ka labari. A birnin Kansas na Amurka daga 1972 zuwa 1973 an ɗauki yankunan sintiri 15 aka kasa uku, biyar aka janye motocin yawo sai in an kira, biyar aka bar su yadda suke, biyar aka ninka sintiri sau biyu zuwa uku. Da aka zo duba sakamako ba a ga wani bambancin kirki ba, ba a yawan laifi ba, ba a tsoron da mutane ke ji ba. Ba wai 'yan sanda ba su da amfani ba ne, a'a, yawon da babu manufa ne ba shi da shi. Daga baya a 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka bi kiran wayar da ake yi wa 'yan sandan Minneapolis, sai ga shi kusan rabin kiran daga kashi 3 cikin 100 na wuraren garin yake fitowa. Ka ga ashe kafin a tambayi nawa ne, sai an tambayi ina aka kai su.

Daga nan ne maganar alƙaluma ta kankama. A 1994 William Bratton, shugaban 'yan sandan New York a lokacin, ya kawo tsarin CompStat a garin, duk mako a tara shugabannin yankuna a haska taswirar laifuka a bango a titsiye kowa ya yi bayanin yankinsa. Ya yi amfani, ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Amma ku yi hattara, duk abin da ka ce da shi za ka auna mutum to shi zai noma maka. Ka ce yawan kamu, zai cika sel da masu ƙananan laifi. Ka ce raguwar fashi, sai mai rubutu a kanta ya mayar da fashi sata, ko ya lallaɓa mai ƙara ya koma gida ba a buɗe fayil ba, laifi ya ragu a takarda, a unguwa yana nan.

Batun ko rundunar ƙasa ɗaya ta fi ko a rarraba, sai zango na biyu. Amurka na da hukumomi wajen 18,000, Ingila da Wales 43, Faransa manya biyu na ƙasa, ɗaya farar hula ɗaya mai tsarin soja, kuma kowannensu yana kuka da nasa.

Aikin gida. Na ba ku caji ofis mai mutum 30, saje uku, mota biyu. Biyu suna hutu, ɗaya na kwas, ɗaya an dakatar da shi ana bincike. Ku tsara min jadawalin mako guda, kar wanda ya sauka daga aikin dare ya hau na safe, kuma daren ƙarshen mako ya fi sauran ranaku mutane. Ku kawo ranar Litinin, da hannu za ku rubuta.