Yadda Hasken Leza Ke Auna Tsayin Kurmi Daga Sararin Samaniya

Jama'a, ku kwatanta a ranku hoton daji da tauraron ɗan Adam ya ɗauko. Kore shar, kamar an shimfiɗa darduma. To, itatuwan nan mita 5 ne tsayinsu ko 40? Hoton ba shi da bakin faɗa. Daga sama, shukar shekara goma da kurmin da ya ga ƙarni uku kusan kamarsu ɗaya.

Wannan ne ya sa hukumar NASA da Jami'ar Maryland ta Amurka suka ƙera na'urar GEDI, aka kai ta Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a Disambar 2018. Ita ba ruwanta da hoto, lokaci take ƙirgawa. Daga nisan kusan kilomita 400 take harbo hasken leza, kowace leza sau 242 a daƙiƙa, sannan ta saurari dawowarsa, kamar mai jiran amsa-kuwwa.

Mu bi harbi ɗaya mu gani. Yana sauka ne a kan fili mai faɗin mita 25. Ganyen ƙololuwa shi ke fara tarbarsa, nan take wani kaso ya juya. Ragowar ya kurɗa ta kafofin ganye, ya ci karo da rassan tsakiya, wani kason ya sake komawa. Ɗan abin da ya tsira shi ke taɓa ƙasa. In itacen mita 30 ne, wanda ya taɓa ƙasa ya ƙara tafiyar mita 60, zuwa da dawowa. Da yake haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, makarar da zai yi kashi 200 ce kacal cikin biliyan ɗaya na daƙiƙa. Ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a wurinta, amma na'urar tana kama ta.

Daga hasken da ya dawo ake fitar da zane mai nuna yawansa a kowane mataki, daga ƙololuwa zuwa ƙasa. Tudun sama ganye ne, ɗan tsinin ƙasa kuwa doron ƙasa, tazarar tsakaninsu ita ce tsayi. Ni dai tsakiyar zanen ta fi burge ni, domin a nan ake gane ko dajin hawa-hawa ne, manya a sama, matasa da ƙananan tsirrai a ƙarƙashi, ko kuwa rufi ɗaya ne cikinsa fayau. Da wannan ake kintatar nauyin itacen, wanda kusan rabin busasshensa sinadarin kabon ne, bayan an gwada da awon da ma'aikata suka yi da hannu a cikin daji.

Sai dai kada a ɗauka duk duniya take sharewa. Ɗigo-ɗigo take yi, mita 60 tsakanin harbi da harbi, kusan mita 600 tsakanin layi da layi, shi ya sa ake cike giɓin da hotunan taurarin ɗan Adam na Landsat. Tashar ba ta wuce digiri 51.6 arewa ko kudu da layin tsakiyar duniya, saboda haka yawancin dazuzzukan arewa mai nisa sai a nemi taimakon ICESat-2, wani tauraron ɗan Adam mai leza wanda asali don auna ƙanƙara aka yi shi. Gajimare mai kauri kuwa tare hasken yake gaba ɗaya.

Gangaren dutse ya fi ba da ciwon kai. A cikin fili ɗaya, ƙasar da ke sama kan yi daidai da kan itacen da ke gindin gangaren, haskensu ya dawo tare, sai gajeren daji ya fito a zane kamar dogo.